Sifoket na gaba ko na baya, wanne zaka canza in kana so mashin ya dinga fisga a Jos?

Asabar din da ta wuce ina zaune wajen bakanikena a Dilimi ina jira a daure min birki, sai ga wani matashi ya turo Boxer dinsa yana cewa Baba don Allah a sa min sifoket din da mashin zai dinga tashi kamar an tsikare shi, kuma in na hau titi gudunsa ya karu. Baba ya ajiye sifana ya dube shi yace yaro zabi daya, ba'a hada gudu da susar katara. Yaron bai gane ba, kuma inaga da yawa cikin masu zuwa da wannan bukatar basu gane ba, shiyasa nace bari in zauna in warware abin yadda na san shi, don ni kaina na gwada na gaba na gwada na baya kuma na yi asarar kudi a tsakani.

Sifoket dai, wato faifan karfe mai hakora da cen (sarkar mashin) yake bi, karami a gaba wajen inji babba a baya jikin taya, baya kara wa inji karfi ko na sisin kwabo. Boxer 100 dinnan karfinsa wajen doki 8 ne, ko me ka daura masa a baya dokin nan 8 ne dai. Abin da sifoket yake yi musaya ce, ka bada gudu ka karbi karfin ja, ko ka bada karfin ja ka karbi gudu, kamar yadda giya daya take da karfi amma bata gudu, giya hudu take gudu amma bata iya tada kaya. Canjin sifoket kamar ka dan janyo duka giyoyin ne kasa a lokaci guda.

Kuma akwai dalilin da yasa mu 'yan Jos muka fi kowa jin wannan matsalar. Garin nan yana sama da mita 1,200 daga matakin teku, iskar nan ta fi ta Kano ko Lafia sirantaka, inji kuwa da iska yake kona mai, in iskar ta ragu karfinsa ya ragu, a irin tsayinmu kusan kashi goma cikin dari ne yake tafiya tun kafin ka dora komai. Sai ka hada da hawa da gangara, Dutse Uku, Tudun Wada, hanyoyin kauye na wajen Mangu da Bokkos da damina ta cinye, ga buhun dankali biyu a baya ko kwandon tumatur daga Farin Gada. Mashin din da wani yake yabo a Kano in ya hau nan sai ka ji yana nishi. Kamfani ya zabi hakoransa ne don kowa da kowa, ba don mai hawan dutse da kaya ba, toh kaga gyara shi ba laifi bane in ka san abinda kake yi.

Lissafin ba wuya. Ka kirga hakoran babban na baya ka raba da hakoran karamin na gaba. Yawanci an buga lambar a jikin karfen, in ta goge ka sa alli a hakori daya ka kirga, kar ka dogara da abinda mai shago ya fada maka. Mu dauki mashin mai 14 a gaba 42 a baya, 42 a raba 14 ya bada 3, wato karamin sai ya juya sau uku kafin taya ta juya sau daya. Duk sanda wannan lambar ta haura to fisga ta karu gudu ya ragu. In ka mayar da na gaba 13 ka bar 42, ya zama 3.23, karin kusan kashi 8 cikin dari kenan. In ka bar 14 ka sa 44 a baya ya zama 3.14, kusan kashi 5. In 45 ka sa 3.21, kashi 7. Ka lura da abin nan da kyau, hakori daya a gaba daidai yake da kusan hakora uku a baya, shiyasa masu cewa ai hakori daya ne kawai me zai yi suke shan mamaki.

Toh mu fara da na gaba tunda shi mutane suka fi rugawa. Dalilin a fili yake, shine mafi araha cikin kayan gaba daya, kuma aikinsa baya daukar lokaci, a cire murfin gefe a kwance kusoshi a zare a saka sabo, cen dinka ma ba sai an taba tsawonsa ba, zai dan saki kadan sai a ja taya baya da ajasta kamar milimita uku shikenan. Ka hau daga nan zuwa Terminus zaka ji bambanci tun a tashin farko, kulos baya bukatar lallashi, giya biyu tana jan abinda da sai ka koma daya. Ranar da na fara sa 13 wallahi dadi naji sosai.

Amma akwai abinda yake biyo baya wanda ba'a fada maka a shago. Sifoket in ya kankance cen yana lankwasa sosai kafin ya zagaye shi, kowace gaba ta cen tana karyewa fiye da da a duk zagaye, kuma hakoran da suke rike da cen a lokaci guda sun ragu, nauyin da bakwai suke dauka yanzu shida da rabi ne suke dauka, ga shi dama na gaban shine mai saurin cinyewa don yana juyawa ninki uku na na baya. Bayan haka cen yana sauka kasa ya matso karfen da ke rike da tayar baya, sai ya fara cin robar da aka shimfida a wajen, in robar ta kare ya koma cin karfen kansa. 13 ana iya zama da shi in kana kula, amma masu sauka zuwa 12 a mashin din da ya zo da 14 ni dai ban goyi baya ba, karar cen din ma kadai ta isa ta gaya maka yana shan wahala.

Na baya kuma labarinsa daban ne. Ya fi tsada, aikinsa ya fi yawa don sai an sauke taya, kuma sau da yawa sai ya jawo maka sayen cen. Dalili shine cen yana zagaye rabin sifoket ne, in ka kara hakora biyu kana bukatar karin tsawon gaba daya, in uku ka kara daya da rabi, ko dai a turo taya gaba kusan santimita daya in ajasta tana da sauran wuri, ko a sa cen mai tsawo, kuma cen bibbiyu ake kara masa ba'a kara daya. Sannan masu mashin da cen dinsa yake cikin rufaffen kaba, ku sa a gwada kafin a biya kudi, babban sifoket yana iya gugar kabar daga ciki, wasu sai su cire kabar su jefar wanda a kurar hunturun Jos wannan babbar asara ce, kabar nan ita take sa cen ya dade.

Abinda yasa duk da haka na fi son na baya, na farko yana baka damar auna abin a hankali. A gaba ba ka da zabi, hakori daya tsalle ne na kashi 8 ko kana so ko baka so, a baya kuwa zaka iya kara daya, biyu ko uku gwargwadon aikinka. Na biyu cen yana samun sauki, babban da'ira yake zagayawa, hakora da yawa suke raba nauyin, na gaban ma yana nan a 14 dinsa bai kankance ba. Kudin da ka kara a farko yana dawowa ta tsawon kwanan kayan.

Yanzu maganar abinda zaka rasa, don wannan ne yaron nan na Dilimi baya son ji. A ce da mashin dinka yana kure wa a 90 a giyar karshe. Da 14/44, wato 14 a gaba 44 a baya, zai kure wajen 86, da 14/45 ko 13/42 wajen 84, in kuwa ka hada biyun ka sa 13/45 to kana maganar 78 ne. Kuma a duk gudun da kake yi inji yana juyawa fiye da da, inda yake yin 5,000 a minti zai koma kusan 5,400 da 13/42, da 13/45 kuwa ya doshi 5,800, karkarwa ta karu a hannu da kafa, inji ya fi zafi, bakin mai ya fi saurin mutuwa. Wanda aikinsa doguwar tafiya ce, kullum yana kan hanyar Bauchi ko ta Saminaka shi kadai ba kaya, wannan gyaran ba nasa bane sam, zai dinga neman giya ta biyar a mashin din da hudu gare shi, wasu irinsu ma 15 suke sawa a gaba don inji ya huta.

Sai dai akwai wani abu da lissafin takarda baya nunawa, kuma shine yasa nake cewa a Jos asarar bata kai yadda ake tsoro ba. Karamin mashin in an dora masa kaya ko mutum biyu, dama can baya iya kure giya hudu, karfinsa yana karewa kafin juyin inji ya kare, ka murda totur har karshe yana nan a 65 ko 70 yana gurnani, da an fara dan hawa sai ka koma uku. Irin wannan in ka kara masa hakora biyu a baya sai ka ga gudun da yake yi da kaya bai ragu ba, wani lokacin ma ya dan karu, don yanzu inji ya samu ya hau inda karfinsa yake. Haka maganar shan mai, a shimfidadden titi tabbas zai fi sha, amma a hawa da kaya inda da kake rike totur a kure kana kona kulos, ni ban ga ya kara min wani abin a zo a gani ba. Akwai kuma riba a gangara, in ka saki totur inji yana rike mashin fiye da da, duk wanda ya taba saukowa Hawan Kibo da kaya yana jin warin birki ya san darajar wannan.

Hada biyun, wato rage gaba da kara baya a lokaci guda, kashi 15 ne, wannan sai mai shiga gona da rafi wanda da kyar yake wuce 50, ko mai dauko kaya daga kan dutse. A cikin gari giya daya zata zama kusan bata da amfani, kana tashi ta kare, kafarka bata hutawa da canjin giya, kuma a jikakken titi ko tsakuwa tayar baya tana saurin sulbewa in ka fisga. Ban ba kowa shawararsa ba sai wanda ya riga ya gwada daya ya ga bai ishe shi ba.

Mu zo kan cen, inda na yi tawa asarar. Lokacin da na sa sabon na baya cen dina bai fi wata biyar ba, wani bakanike da na tsaya wajensa a hanya yace oga ai wannan da sauransa, a dan kara masa gaba biyu daga wani tsoho shikenan. Na yarda don kudin hannuna a lokacin basu kai ba. Kafin damina ta fita hakoran sabon sifoket din sun kwanta gefe guda sun yi tsini kamar farcen shaho, cen ya fara tsalle in na tashi da kaya, rannan ya fice min a hawa da buhu biyu a baya, Allah ne ya kiyaye bai nade a taya ba. Abinda yake faruwa shine cen in ya tsufa ba mikewa karfen yake yi ba, 'yan sandunan da suke hada gabobin ne suke cinyewa sai tazarar ta karu, hakoran sabon sifoket kuwa an yanka su ne daidai tazarar sabon cen, toh tsohon sai ya dinga hawa saman hakora yana sassake su har sai sun koma irinsa. Haka sabon cen a kan tsohon sifoket, shima cinye shi zai yi. Shiyasa ake canza ukun tare, wato cen da sifoket na gaba da na baya, kuma tunda dama zaka canza su wata rana, lokacin da ya fi dacewa ka sauya adadin hakora shine ranar da set dinka ya mutu, kaga karin kudin kadan ne.

Gane mutuwar cen ba sai ka je wajen kowa ba. Ka je can bayan babban sifoket ka kama cen da yatsa ka ja shi baya, in ya daga har ka hango rabin hakori ya gama aiki. Ko ka dora mashin a jakin tsakiya ka juya taya, in wani waje ya daure wani waje ya saki, shima ya gama.

Lambobin da kuke gani a kwali ma suna da ma'ana. Yawancin kananan mashinanmu 428 ne, lambar farko 4 tana nufin tazarar gaba da gaba rabin inci ne, milimita 12.7. Akwai 420 wanda tazararsa daya da 428 amma ya fi shi siranta, ana samunsa a kananan mashina irin na roba-roba, kuma don tazarar daya ce sai wani ya dauka za su zauna wa juna, basa zama, kar ka yarda a hada maka. 520 kuwa tazararsa ma daban ce, kusan milimita 16, na manyan mashina ne. Masu manyan mashinan nan da ake fita da su Rayfield ranar Lahadi su ne suke sauka daga 525 ko 530 zuwa 520 su hada da sifoket na alminiyom don rage nauyi, a wajensu akwai dan amfani, amma alminiyom baya dadewa kamar karfe, mai Boxer ko Jincheng ko Haojue ba ruwansa da wannan.

Zabin cen da yake gabanmu uku ne, 428 zalla, 428H, da mai zoben roba da ake kira O-ring. Zallan ya fi araha ya fi sauki, in kai kadai kake hawa ba kaya zai yi maka. H din faifan gefensa sun fi kauri, ya fi jure fisga da nauyi, kuma tunda dalilin wannan gyaran gaba daya shine daukar kaya da hawa, ni shi nake sawa, bambancin nauyinsu ba abinda zaka ji bane a totur. Mai zoben roba man da yake cikin gabobinsa a kulle yake, kura bata shiga, ya fi duka dadewa musamman in cen dinka a bude yake, sai dai ya fi tsada sosai, yana da dan tauri da karamin inji yake ji kadan, ya fi fadi don haka wani lokacin yana gugar kaba, kuma ba'a wanke shi da fetur, robar lalacewa take yi, kananzir ake sawa. Ba zai kara maka fisga ba, hutun gyara kawai zai saya maka. In kabarka tana nan lafiya 428H ya wadatar.

Wajen saye ka rike kayan a hannu. Jabu ya yi yawa kuma kwalinsa ya fi na ainihin sheki, ka duba ko an buga lamba a jikin faifan cen din, ka dora sifoket a kan gilas ko tebur mai santsi ka ga ko ya kwanta daidai, ka gwada ramukan kusoshi da tsohon naka don adadin hakora na iya yin daidai ramuka su ki. Karfe mai laushi wata biyu ne hakoransa sun kwanta.

Ranar dauri ka tsaya a kai, kar ka bar wa yaran shago ka tafi cin abinci. Tunda an sauke taya a duba robobin da suke cikin hob, wato cibiyar taya, in sun narke duk tashi zaka ji kwas, kuma yanzu da fisga ta karu abin zai fi muni. A tabbatar ajasta ta hagu da ta dama suna kan zane daya, in taya ta karkace cen zai ci gefen hakora. Kilif din makullin cen rufaffen bakinsa ne yake fuskantar inda cen yake tafiya, in an juya shi wani abu na iya tsinke shi a hanya. Kar a daure cen tamau, a bar masa wasa kamar fadin yatsa biyu a tsakiya, santimita biyu zuwa uku, ka hau ka zauna a sake tabawa, don in kaya suka danne mashin cen kara daurewa yake yi, wanda ya daure da yawa kuwa boris din giya yake ci, wannan gyaran kuma sai an bude inji. Sabon cen yana saki a makon farko, ka koma a sake ja. Mai kuma na giya mai lamba 90 ya fi, kadan-kadan ta ciki, ba mataccen bakin mai da ake kwarara masa har yana diga ba, wannan da kurar Disamba in suka hadu sun zama kamar dutsen wasa wuka.

Malejin gudu, in wayarsa daga tayar gaba take kamar na Boxer ba abinda zai same shi. Sabbin mashinan da suke karanta gudu daga giya su ne za su fara nuna maka fiye da abinda kake yi, kilomita ma su dinga kirga fiye da kima.

Abu daya da Baba ya yi wa yaron nan kafin ya taba sifoket ya burge ni, sai da ya hau mashin din ya zaga ya dawo yace kulos dinka yana sulbewa, ya bude filtar iska ya same ta a toshe da kura. Mashin din da da yana tashi lafiya yanzu ya daina, ba hakora yake nema ba, a duba kulos, fulogi, bawul, kafireta, iskar taya da birkin da yake kamawa tukunna, in ba haka ba ka sa 45 ka rufe ciwon na wata biyu ya dawo.

In lafiyar injin kalau ce kuma har yanzu baka tabbata ba, sayi 13 din nan mai araha ka daura a tsohon set dinka da ya kusa mutuwa ka yi sati biyu kana bin hanyoyin da ka saba da kayan da ka saba dauka. In ka ji ya yi maka daidai, ranar canjin set sai ka koma 14 ka sa 45 a baya, kusan abu daya zaka samu kuma cen ya fi samun sauki. In ka ji ihun injin ya dame ka a titin Bukuru to 44 ne naka. Ni a nawa 14/44 ne da 428H yanzu, kabar tana nan ban cire ba, buhu biyu nake tashi da su daga kasuwa ba tare da na kona kulos ba, ranar da zan je Bauchi kuma ina rike shi a 70 in tsaya a Toro ya sha iska in sha shayi.